Kuɗin Riɗin Baffa

Na shafe fiye da shekara ashirin ina koya wa ɗalibai cewa harshe shi ne babban makamin ɗan Adam. Na sha rubuta wannan magana a allo, na sha kuma tambayarta a jarrabawa. Sai dai ban taɓa ganin gaskiyarta ƙiri-ƙiri ba sai a shekarar 2023, lokacin da aka kwashe wa ƙanin mahaifina kuɗinsa daga banki, muka yi wata uku muna fafutukar dawo da su. Labarin wannan fafutuka nake so in bayar a nan, tare da abin da ta koya mini, ko Allah zai sa ya amfani mai karatu.

Garinmu Kiyako yana cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu, maƙwabciyar Gwaram, a kudancin Jihar Jigawa. Mutanenmu manoma ne, kuma arzikin mutum a wurinmu da ido ake ganinsa: ga rumbu, ga turke, ga buhuna jingine a zaure. Baffa, kamar yadda muke kiransa, ya haura shekara saba'in. Ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, yana karanta ajami yana kuma rubuta shi, amma bai taɓa zama a ajin boko ba. Yana da asusu a wani banki, wanda aka buɗe masa shekarun baya, aka yi masa rajistar BVN, aka ba shi katin cirar kuɗi, sai dai bai taɓa ɗaukarsa wurin ajiya ba. In ya sayar da amfanin gona, kuɗinsa na cikin adaka, makulli na cikin aljihu. A wurinsa asusu shi ne ɗan tulun yumɓun nan da yara ke jefa kwabbai a ciki, wanda ba ya buɗuwa sai mai shi ya fasa shi da hannunsa.

A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fito ranar 15 ga Disamba, aka kuma ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairun 2023, kafin daga baya a ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu. A lokacin Baffa yana riƙe da Naira 620,000, kuɗin riɗin da ya kai kasuwar Sara da na wani sa da ya yi shekara biyu yana kiwo. Ya ware su ne domin kayan ɗakin autarsa, wadda aka sa bikinta bayan ƙaramar Sallah, sauran kuma ya sayi taki idan damina ta kusa. Ni na matsa masa ya kai su banki.

Na ce masa, "Baffa, ka kai kuɗin nan banki, kada su zama takardar ƙunsa ƙosai a hannunka."

Ya ce, "Malam, ni kuɗin da ba na ƙirgawa da yatsuna ban yarda nawa ba ne. Amma tunda kai ka faɗa, to, shi ke nan."

Tun da na fara koyarwa yake kirana Malam. Wannan amsa tasa kuwa ta daɗe tana yi mini amo a kunne.

Duk wanda ya ga watan Fabrairun 2023 ba zai manta da shi ba. An karɓe tsohon kuɗi, sabon kuma ya yi ɓatan dabo. Mutane na kwana a bakin bankuna domin su sami Naira dubu biyar ko goma. Ranar Juma'a 10 ga wata Baffa ya yi sammako zuwa Birnin Kudu don ya ciro kuɗin cefane. Ya shiga layi tun hantsi, da ya isa gaban na'urar kuma ta ƙi ba shi komai. Sai wani saurayi mai tsabtar tufa, da hularsa a kafe, ya matso ya rusuna ya ce, "Baba, sannu da haƙuri. Injin ne yake gardama yau, kawo in goge maka katin." Ya karɓa ya shafa a rigarsa, ya mayar cikin na'urar, ya ce Baffa ya danna lambarsa. Baffa ya danna, yaron na tsaye a kafaɗarsa. Na'urar ta sake ƙi. Yaron ya zaro kati ya miƙa masa da hannu biyu, ya ba shi haƙuri. Baffa ya sa masa albarka, ya juya ya tafi masallaci. Katin da ya sa a aljihu launinsa ɗaya da nasa, tambarin bankin ma ɗaya, amma sunan da ke jiki ba nasa ba ne.

Yana da kyau mai karatu ya san dalilin da ya sa ɓarayin zamani suka koma irin wannan dabara. A da, katunan cirar kuɗi suna ɗauke da bayanansu ne a wani baƙin layi da ke bayansu, wanda ba shi da wuyar kwafa. Wajen shekarar 2010 bankunan Nijeriya suka koma katin da ke da ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare a fuskarsa, wanda kwafarsa ke da matuƙar wahala. Da aka toshe wa ɓarawo ƙofar na'ura, sai ya koma ƙofar mutum. Abu biyu yake bukata, katin kansa da lambar sirri, kuma hanyar samunsu mafi sauƙi ita ce daɗin baki. Shi ya sa za ka ji ya iya gaisuwa, ya iya rusunawa, ya san inda zai ce Baba da inda zai ce Alhaji. Wannan ita ce zamba cikin aminci.

A ranar na zo gida hutun ƙarshen mako. Bayan la'asar na je gaishe da Baffa, muna zaune a zaure wayarsa ta yi ƙara. Ya ce tun yana masallaci take damunsa, ya ɗauka saƙonnin kamfanin waya ne. Na karɓa na duba, sai gabana ya faɗi. Saƙonni huɗu ne daga banki, kowanne yana sanar da fitar kuɗi ta na'urar POS, jimillarsu Naira 350,000. Na farkon ya shigo tun kafin a tayar da sallar Juma'a. Bankin ya yi gargaɗi a kan lokaci, amma da Ingilishi ya yi shi. Mutumin da ke iya karanta "Naira dubu" da ajami a jikin takardar kuɗi ya yi sa'a uku yana ɗauke da labarin satar da ake yi masa a cikin aljihu, bai sani ba. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Nan take na kira lambar da ke bayan katin. Bayan doguwar jira wata ma'aikaciya ta ɗauka, ta yi wa Baffa tambayoyi ina fassara masa, sa'an nan ta tabbatar mana cewa an rufe katin. Akwai wata ɗabi'a da aikin bincike ya saba mini da ita, wato rubuta ranar kowace hira da lokacinta. Ba tare da wani tunani ba na zaro biro na rubuta a bayan wata ambulan: Juma'a, ƙarfe 4:17 na yamma, tare da lambar shaidar koke da na roƙe ta ta karanto mini. Muka kwana muna jimamin abin da ya tafi, muna kuma gode wa Allah da ya tsare sauran. Da gari ya waye sai ga wasu saƙonni biyu. Kowane kati yana da iyakar abin da za a iya cira da shi a yini guda, ɓarawon kuwa ya san da haka. Ya jira sha biyun dare ta wuce, sabuwar rana ta shiga, ya share ragowar Naira 270,000. Katin da aka ce an rufe ashe a buɗe ya kwana.

Ranar Litinin muka isa bankin, muka kutsa cikin cunkoso da ƙyar. Aka haɗa mu da wani matashin ma'aikaci, Bahaushe, mai ladabi. Ya ɗauko fom na Ingilishi ya fara tambaya da Hausa.

"Baba, ka ba wani katinka?"

"Na ba shi mana, ai taimakona ya ce zai yi."

"Lambar sirrin fa?"

"Ni na danna da hannuna."

Na leƙa na ga ya fara rubuta jimlar da ma'anarta ita ce mai asusu ya ba wani mutum katinsa da lambarsa. Na ce, "Malam, dakata tukuna. Ba haka ya faɗa ba."

Ya ce, "Yallaɓai, ai da bakinsa ya ce ya ba shi."

A nan ne karatuna ya yi mini rana. Aikatau "ba" a Hausa faffaɗa ne ƙwarai. Ana ba mutum kyauta, ana ba shi aro, ana ba shi ajiya, ana kuma ba shi abu ya riƙe na ɗan lokaci mai shi na tsaye yana kallo. Baffa na ƙarshen yake nufi, fom ɗin kuwa na farkon zai nuna. Lambar sirri kuma bai furta ta ga kowa ba, leƙenta aka yi. Na roƙa aka kawo sabon fom, muka rubuta cewa an musanya masa kati ta hanyar yaudara, an kuma saci kallon lambarsa. Na ƙara da cewa mun sanar da banki ranar Juma'a da ƙarfe 4:17, ga lambar shaida. Na nemi a buga wa kofinmu hatimi da kwanan wata, na kuma nemi takardar bayanin shige da ficen asusun. Daga nan muka je ofishin 'yan sanda muka ba da rahoto, muka wuce kotu Baffa ya yi takardar rantsuwa. Yini biyu cur da kuɗin mota da na kofe-kofe suka tafi a wannan zirga-zirga, a lokacin da Naira ɗari biyar ta fi ƙarfin mutane da yawa.

Bayan kwana goma sha biyu amsa ta zo. Taƙaitacciya ce: an yi cinikin da katin gaskiya, an yi amfani da lambar sirri ta gaskiya, saboda haka da izinin mai asusu aka yi, banki ba shi da alhaki. Na daɗe ina kallon takardar nan. Abu na farko da na lura da shi shi ne babu mai aikatawa a cikinta ko ɗaya. In da Hausa aka rubuta ta, da "an" za ta fara, da "an" za ta ƙare: an yi, an duba, an gano. Abu na biyu shi ne kalmar izini. A wurin Bahaushe izini yardar zuciya ce, wadda mutum ke bayarwa yana sane. A harshen banki kuwa izini yana nufin na'ura ta ga lambobi huɗu sun yi daidai. Kalma ɗaya ce a baki, ma'ana biyu ce a aiki, kuma a tsakanin ma'anonin nan biyu kuɗin talakawa da yawa suke nutsewa.

Na zauna na karanta ƙa'idojin da Babban Banki ya shimfiɗa kan katuna da sauran hanyoyin biyan kuɗi na zamani. Na tarar sun raba alhaki gida biyu. Mai kati shi ke da alhakin tsare katinsa da lambarsa, kuma asarar da ta biyo bayan sakacinsa tana wuyansa. Amma daga lokacin da ya sanar cewa katin ya ɓata ko an sace, abin da ya fita bayan haka yana wuyan bankin da ya ba da katin. Nan na gane cewa in na tsaya jayayya kan ma'anar izini, za mu shekara ba mu gama ba. Hujjarmu mai ƙarfi tana bayan ambulan ɗin nan. Na kuma gano cewa tun 2012 Babban Banki yana da sashe na musamman mai kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Tsarinsa shi ne mutum ya fara kai kuka bankinsa, ya karɓi lambar shaida, ya ba su mako biyu. In ba a warware ba, ko amsar ba ta gamsar da shi ba, sai ya ɗaukaka koken zuwa wannan sashe, kuma ba a biyan ko kwabo.

Na rubuta takarda shafi ɗaya tak. Na faɗi sunan mai asusu da na banki, da abin da ya faru bi da bi, kowanne da ranarsa da sa'arsa da adadin kuɗinsa. Ban yi zagi ba, ban yi magiya ba. Na haɗa kofin fom mai hatimi, da amsar banki, da rahoton 'yan sanda, da takardar rantsuwa, da hoton kiran da ke cikin wayata. A ƙarshe na faɗi abin da muke nema dalla-dalla: a dawo da Naira 270,000 da suka fita bayan sanarwa, a kuma bi sawun sauran. Na aika ta imel, na kai kofi reshen Babban Bankin da ke Dutse. Daga nan sai jira, da tuntuɓa duk bayan mako biyu, kowace tuntuɓa kuma a rubuce.

Jiran nan ya fi komai wuya, domin Baffa ya riga ya sallama. Wata rana cikin azumi muna shan ruwa ya ce, "Malam, ka bar wahalar da kanka. Abin da ya tafi ba rabona ba ne."

Na ce, "Baffa, wanda ɓarawo ya ɗauka kafin mu yi magana mun bar wa Allah. Wanda ya fita bayan mun yi magana kuwa amana ce aka yi sakaci da ita, neman ta bai saɓa wa tawakkali ba."

Ya yi shiru, can ya ce, "Ba kuɗin ne suka fi damuna ba. A ce dattijo kamata yaro ya yi masa wayo, har ya sa masa albarka."

Ashe kunya ce ke cinsa. Ya hana a gaya wa kowa a gari. Sai daga baya, da maganar ta fasu, magidanta uku suka same ni ɗaya bayan ɗaya, kowanne da irin labarinsa: wannan an musanya masa kati, wancan an kira shi a waya da sunan ma'aikacin banki aka ce za a gyara masa BVN. Babu wanda ya kai koke a cikinsu. Na tabbata ɓarawo ya dogara da wannan kunya kamar yadda ya dogara da daɗin bakinsa.

A mako na biyu na watan Mayu wayar Baffa ta yi ƙara, jikansa ya karanta masa: Naira 270,000 sun dawo. Bankin ya amince cewa an rubuta bukatarmu ta rufe kati amma ba a aiwatar ba. Sauran Naira 350,000 kuwa an ce an bi sawunsu, an tarar an riga an kwashe su daga asusun da suka faɗa. Har yau ba su dawo ba. An ɗaga biki zuwa bayan babbar Sallah, 'yan'uwa suka yi karo-karo aka fitar da yarinya kunya, gonar riɗi kuma rabin takin da ta saba samu ta samu a wannan damina. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne tun ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsofaffin takardun kuɗi su ci gaba da aiki, daga baya ma aka cire musu wa'adi gaba ɗaya. Da Baffa ya ƙi jin shawarata ya bar kuɗinsa a adaka, da babu abin da ya same su. Bai taɓa yi mini gori ba, ko da wasa.

Wasu ƙasashen sun fi mu sassauta wa wanda aka zalunta. A Amurka akwai doka tun 1978 wadda ta ce in mutum ya sanar da ɓatan katinsa cikin ranakun aiki biyu da ganewarsa, asararsa ba za ta wuce Dala 50 ba. A Birtaniya kuma, daga ranar 7 ga Oktoban 2024, an wajabta wa bankuna su biya wanda aka yaudara ya tura kuɗi da hannunsa, har zuwa Fam 85,000. Hikimar wannan ita ce, in banki ya san asarar za ta hau kansa, zai fi kowa ƙoƙarin toshe kafa. Kafin mu kai can, abin da ke hannunmu shi ne mu san hanya. Na farko, kada kati ya bar hannun mai shi, kada kuma a danna lamba wani na tsaye kusa. Na biyu, ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, a waya ko a kanta. Na uku, da zarar an ga alamar sata a rufe kati da asusu nan take. Galibin bankuna suna da gajeriyar lambar da ake dannawa a waya don yin haka, ya kamata a san ta tun kafin ranar bukata. Na huɗu, a rubuta lokaci, a karɓi lambar shaida, a adana kowace takarda. Na biyar, kada a sa hannu a kan bayanin da ba a fassara wa mutum shi kalma bayan kalma ba.

Idan na waiwayi al'amarin nan, abin da nake gani shi ne ɓarawo ya yi wa Baffa magana da Hausa, Hausa mai daɗi kuwa, bankin da ya ba amana kuma ya yi masa da harshen da ba ya ji. Baffa ya sami kusan rabin haƙƙinsa ne saboda akwai wanda ya tsaya tsakaninsa da takarda. Dubban irinsa a ƙauyukanmu ba su da wannan gata. Ɗaliban da ke karanta Hausa a kwalejojinmu, waɗanda gobe za a tura su makarantun Kiyako da Gwaram da makamantansu, su sani cewa in an ce malamin Hausa ya zo gari, ba yara kaɗai za su amfana da shi ba. Za a kawo masa saƙon waya ya karanta, za a kawo masa fom ya fassara, za a roƙe shi ya rubuta takardar koke. Wannan ma aikin harshe ne, kuma tun daga wannan shekara na sa rubuta takardar koke cikin abubuwan da nake koyarwa a darasin insha'i.

Shi kuwa Baffa, washegarin dawowar kuɗin ya sa na raka shi ya cire su kaf, ya ƙirga da yatsunsa, ya mayar cikin adaka. Bai rufe asusun ba, domin dillalan riɗi yanzu ta waya suke biya. Na rubuta masa matakan nan biyar da ajami a wata 'yar takarda, tare da lambar rufe asusu. Ya karanta da kansa tun daga farko har ƙarshe, ya ninke ta ya sa cikin hularsa, ya ce, "To, Malam, ka ga wannan na ji abin da ta ce."